Dajin Baturiya: Ranar da Kacalla Ta Ɓatar da Ɗan Gari

An ce da ɗan gari akan ci gari. To, ni na ga ranar da ɗan gari ya ɓata a dajin da aka binne cibiyarsa a gefensa, da rana tsaka, ba hazo ba hadari, ina biye da shi taku bayan taku. Da labarin ya iso gari wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce mutanen ɓoye ne suka ɗauke masa hanya. Ni da nake wurin na san ko ɗaya babu. Dajin ne ya canja kama, har wanda ya tashi a cikinsa ya kasa gane shi.

Dajin da nake magana shi ne na Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta masarautar Haɗeja, gabas da birnin. Wani yanki ne na babban dausayin Haɗeja da Nguru. Kogin Haɗeja, wanda haɗuwar kogin Kano da na Calawa ta haifa, da kogin Jama'are mai gangarowa daga tsaunukan Jos, in suka baro ƙasa mai dutse suka shigo rairayi sai gudunsu ya mutu. Ƙasar a shimfiɗe take, sai tsofaffin jigayi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa kawowa nan. Ruwan sai ya rarrabu tsakanin jigayin, ya yi hannuwa, ya yi tafkuna, ya malale fadamu. Abin da ya rage ya haɗu kafin Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Cadi.

Duniya ta daɗe da sanin wurin. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyoyin muhalli na gida da na waje. A 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan zamani, wanda a lokacin yake shugabantar asusun kare namun daji na duniya, ya zo da kansa tafkin Dagona a ƙasar Bade don ganin tsuntsaye. Dagona ta shiga cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. A 2000 aka sa tafkin Nguru da hannun kogi na Marma cikin jerin manyan dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Baturiya ta biyo baya a 2008. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin ma'ajiyar halittu, a ƙarshen wannan shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga dajin Baturiya ya zama gandun daji na ƙasa, ɗaya daga cikin sababbi goma, har da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina. Takardun girmamawa kam sun cika akwati. Abin da ke ƙasa kuwa sai wanda ya taka.

Cikin hunturu na je. Ba a shiga daji irin wannan da ka, sai na bi ta hannun mai gari da ma'aikatan gandun daji, su ne suka haɗa ni da wani dattijo masunci da kowa ya yarda babu wanda ya kai shi sanin wurin. Siriri ne, dogo, dugadugansa sun yi faso saboda daɗewa cikin laka. Kayan tafiyarsa duka-duka adda ce, da sanda, da buta, da ɗan ƙullin goro. Ya dubi takalmina na birni, ya dubi jakata, ya yi murmushi.

“Malam, nan fa ba titi. Inda ka ga na sa ƙafa, nan za ka sa taka.”

“To, Baba.”

Niyyarmu mu ratsa dajin mu bi gefen tafkuna, mu doshi arewa wajen hannun kogi, mu tsallaka ta wani mashigi da ya sani, mu kwana a dabar masunta. Bayan sallar asuba muka ɗau hanya, sanyi na ratsa ƙashi.

Da farko tafiyar da daɗi. Muka wuce gonakin rani, inda injinan ban-ruwa suka fara tari, muka shiga kurmin goriba. Nan muka tarar da masu yankan kaba har sun rigaye mu, suna ɗaure dammuna a bayan jakai. Wannan kabar ce ake saƙa tabarmi da igiya da faifai da ita, ta bi motoci ta shiga kasuwannin da ba su taɓa jin sunan Baturiya ba. Daga kurmin goriba sai ƙasa ta ɗan gangara, itatuwa suka sauya, muka shiga bagaruwa da giyayya da kanya. A jikin kowace giyayya akwai zanen busasshiyar laka da ya zagaye ta, daidai ƙirjina. Baba ya ɗora adda a kai ya ce nan ruwan bana ya tsaya.

A nan wahala ta fara. Lakar da ruwa ya janye ya bari ta bushe ta tsattsage, shanu kuma sun riga sun bi ta kanta tun tana ɗanya, kowane kofato ya bar rami, ramin ya sandare. Ba ka samun inda za ka ajiye tafin ƙafa daidai, kowane taku idon sawu sai ya murɗa. In ka kauce ka hau jigawa don ka huta, rairayi ya riƙe ka, ƙarangiya ta cika maka wando. In ka koma gindin bagaruwa, ƙaya ta huda takalmi. Kafin hantsi ya dubi ludayi gwiwoyina sun fara rawa, Baba kuwa ko haki ba ya yi.

Muna fitowa daga wani duhun giyayya sai ga tafki a gabanmu, bado ya rufe rabinsa da fararen furanni. Baba ya ɗaga hannu, muka tsuguna. Dinya na kiwo can tsakiya, garken kirinjijiya sun jeru a bakin ruwa suna fito, zalɓe ya ƙame da ƙafa ɗaya yana dakon kifi, zakaran ƙeƙuwa kuwa tuni ya gan mu ya fara tona mana asiri. Cikinsu akwai waɗansu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa, namijin da farin layi a saman ido, da waɗansu 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka, ɗaruruwa.

“Waɗannan 'yan ci-rani ne,” in ji Baba. “Da kaka suke zuwa, kafin bazara ta yi nisa sun koma garinsu.”

Gaskiya ya faɗa. A Rasha da arewacin Turai suke ƙyanƙyasa, in sanyi ya matso su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, dubban kilomitoci, kuma wannan dausayi yana cikin wuraren farko masu ruwa da abinci da suke tararwa bayan hamada. Masu ƙidayar tsuntsayen ruwa sun lissafa fiye da 300,000 a dausayin a watan Janairun 1997, ire-iren tsuntsayen da aka rubuta a yankin kuwa sun haura 370. Na tambayi Baba gauraka. Ya girgiza kai, ya ce yana yaro kukanta ke tashinsu da asuba, yanzu jikokinsa sai dai a ba su labarinta.

A gindin wata tsamiya muka zauna muka ci dabino da ƙuli-ƙuli, nan ya warware mini yadda shekara take tafiya a zamanin ƙuruciyarsa.

“Ruwa da lokacinsa yake zuwa, Malam, da lokacinsa yake tafiya. Tsakiyar damina kogi ya cika ya haura, ya shiga fadama. Mun riga mun watsa shinkafa, tana tashi tare da ruwan. Kifi ya biyo shi ya shiga ciyawa ya zuba ƙwai. Da kaka a yanke shinkafa, wani lokaci daga cikin kwale-kwale. Ruwa ya fara janyewa, mu tare kifi a bakin hannuwa: tarwaɗa, karfasa, kurungu, bargi. Inda ya janye mu bi damshin mu shuka wake. An cire wake, Fulani su sauko da shanu su ci burgu da harawa, su bar mana taki. Rani ya yi tsanani, kogi ya ƙafe ƙaf, sai 'yan gurabe, a tono gaiwa cikin laka, mata su kwashi kanwa. Fili ɗaya, manomi ya ci, masunci ya ci, makiyayi ya ci, kowa da watansa.”

Ya ƙara da cewa mashigin da za mu bi, da rani tseren jakai suke yi a cikinsa suna yara, farin rairayi ne tas. Rabonsa da bi ta nan da ƙafa an daɗe, don shekarun nan ta ruwa yake zagayawa.

Bayan azahar muka iso inda mashigin ya kamata ya kasance. Babu rairayi, babu gaɓa, babu ko alamar kogi. Abin da ke gabanmu ciyawar kacalla ce, kore shar, ta fi tsayin mutum ya ɗaga hannu, ta miƙe gabas ta miƙe yamma har inda ido ya gaza. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya nuna wata kuka can nesa a ƙetare, ya ce ita ce alamarsa, dabar tana bayanta. Muka bi gefe muna neman ƙofa, har muka sami wata 'yar siririyar hanya da masunta suka sara, faɗinta bai wuce na kwale-kwale ba. Ya ce siririyar ɗamara ce kawai, yanzu za mu fita. Muka naɗe wanduna, na ɗora jaka a ka, muka shiga.

Wanda bai shiga cikin kacalla ba ba zai gane ba. Taku kaɗan iska ta ɗauke ɗif. Sanyin hunturu ya ɓace, sai wani zafi mai damshi da warin ruɓaɓɓen ganye. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Ƙarƙashin ƙafa ba ƙasa ba ce, saiwoyi ne suka sarƙe, ka taka nan ya ɗauke ka, ka taka can ka zurma har ƙugu. Kan kacallar, mai kama da zangarniyar gero, in ka taɓa shi sai ya fashe ya watso wata auduga da ke shiga hanci da ido. Sama kawai kake gani, ita ma 'yar tsaga. Kukar da muke dosa ta ɓace tun takun farko. Hanyar ta rabu biyu, muka bi dama, ta ƙare a kan gurar kifi da wani ya ɗana. Muka dawo muka bi hagu, ta sake rabuwa uku.

Kafin in faɗi yadda muka fita, bari in faɗi yadda aka yi wannan ciyawa ta ci mashigin Baba, don ruwa ba ya tsami banza.

A shekarun 1960 ambaliyar shekara kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na wannan dausayi. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, ya sake dawowa da ƙarfi a 1984. A tsakanin nan, a 1974, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aikin da aka ɗauko zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1992 aka kammala ta Calawa kusa da Ƙaraye. Ba don mugunta aka gina su ba. Tiga ce ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ruwan da birnin Kano ke sha ma yana da alaƙa da madatsun nan, dubban gidaje na ci daga gare su. Amma su biyun sun riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja, kuma sun juya masa kalanda. Da damina suna tare babbar ambaliyar da ke wanke hannuwan kogi ta share yashi. Da rani kuma ana sakin ruwa a hankali don masu ban-ruwa da birane, ragowarsa ya gangaro. Kogin da ya saba ƙafewa wata da watanni sai ya koma mai 'yar gudana duk shekara.

Abin da kacalla ke nema ke nan: ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ɗaukewa. Da can ma akwai ta, amma rani ke kashe ta kowace shekara, ba ta wuce 'yan gurabe. Da rani ya daina zuwa cikin kogi sai ta sami sarari. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, tana yaɗuwa ta wannan audugar da iska ke ɗauka. Inda ta tsaya gudun ruwa ya ragu, laka ta kwanta, cikin kogi ya cike, wurin ya ƙara yi mata daɗi. A dausayin, kogin Haɗeja ya kasu hannu uku: Marma mai zubawa a tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohon kogin Haɗeja mai haɗuwa da na Jama'are. Kacalla da laka suka toshe biyun ƙarshe, mafi yawan ruwan ya karkata Marma, ya kwanta a kan gonaki da makiyaya bai tashi ba. Waɗanda ke bakin hannuwan da suka toshe kuwa suka koma kallon busasshen kwari.

Duk wannan a takarda na san shi. Ranar nan na san shi da cinyoyina.

La'asar ta yi muna ciki. Baba ya tsaya, ya tsinki busasshen ganye ya ajiye a kan ruwa don ya ga inda zai nufa, domin masunci da gudun ruwa yake gane gabas da yamma. Ganyen ya tsaya cik inda aka ajiye shi. Ya sake gwadawa gaba kaɗan, haka. Na ga fuskarsa ta canja. Ya juyo ya dube ni.

“Malam, ruwan nan ba ya tafiya ko'ina. Ban san inda muke ba.”

Ba tsoro na ji a muryarsa ba, baƙin ciki ne. Ni kuwa tsoron ne ya kama ni, don na san dare a cikin kacalla ba abin wasa ba ne: ga sauro, ga macizai, ga sanyin da zai sauko wa mutumin da ya jiƙe har ƙugu. Waya ba ta da sabis. Matsattsaku sun riga sun kama mini ƙwauri, ina jin su, ba halin tsayawa cire su.

Baba ya ce mu yi shiru, kada in motsa ruwa. Muka tsaya kamar an dasa mu. Can sai muka jiyo kukan saniya, nesa, ta hannun hagu, ba inda muke zato ba ko kaɗan. Ya haɗa tafukansa a baki ya yi wata doguwar kururuwa irin ta masunta. Shiru. Ya sake. Sai wata murya ta amsa. Wani saurayin Bafulatani ne da ya kawo shanu shan ruwa. Da ya gane mutane ne suka maƙale, sai ya tsaya wuri ɗaya yana buga sandarsa a jikin ƙwarya, yana kira, mu kuma muka bar hanyar masunta muka doshi ƙarar kai tsaye. Baba na sara da adda, ina tattake abin da ya sara. Abin da bai fi a yi shi cikin 'yan mintoci a fili ba ya ci mana sauran hasken ranar. Muka fito ta wata kafa da shanu suka fasa, ana gab da magariba.

Saurayin ya dubi Baba, ya gane shi, ya rusuna.

“Baffa, kai ne? Ai mashigin nan ya mutu tun ina goye. Mu ta can sama muke zagayawa da shanu.”

Ya ba mu nono a ƙwaryar da ya yi mana ganga da ita, ya raka mu har muka hango wutar daba. Kukar Baba ashe tana bayanmu, mun wuce ta ba mu sani ba.

Masunta suka karɓe mu kamar sun san da zuwanmu. Aka barbaɗa wa matsattsakun toka suka saki, aka ba mu wuri kusa da wutar banda, inda tarwaɗa ke jere a kan waya an lanƙwashe kowace an soke wutsiyarta a baki, tana jiran 'yan kasuwar kifi ta Haɗeja. Aka kawo tuwo da miyar kifi. Babu wanda ya yi wa Baba dariya. Kowa a wurin yana da nasa labarin da kacalla.

Wani ya ce taru ba ya shimfiɗuwa a cikinta, dole aka koma gura da ƙugiya, manyan kifaye kuma sun yi wuya. Wani ya ce jan-baki a cikinta suke kwana su yi sheƙa, da safe su tashi su faɗa wa shinkafa da gero, yaro ya wuni yana kora a banza. Wani ya kawo zancen tsargiya da ke damun yara, don katantanwar da ke ɗauke da cutar tana son ruwa kwantacce, haka ma sauro. Wani dattijo ya ce shi abin da ya fi ci masa rai shi ne faɗan manoma da makiyaya: makiyaya ta nutse, burtali ya toshe, shanu sun rasa ta bi sai ta gona, mutanen da iyayensu suka yi zaman amana suka koma zaman doya da manja.

Ba kuma zama suka yi suka naɗe hannu ba. Ƙauyukan bakin kogi sun daɗe suna kiran gayya, maza su shiga ruwa har wuya da lauje da adda. Sun gano da kansu cewa in ka yanke ta a sama sake tohowa take yi, in ka ƙone ta ma haka, sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya rasa iska ya ruɓe. Aiki ne mai cin rai, kuma in an buɗe hannun kogi bana, baɗi sai an koma. Hukumomi ma sun taɓa motsawa. A 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu, jihohi shida masu cin moriyar wannan ruwa, wato Bauci, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka amince da kafa asusun kula da kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe. Daga baya an kawo injinan haƙa masu shiga ruwa, an yashe waɗansu wurare. Amma ambaliyar 2020 da ta 2022, da suka ci gidaje da gonaki a Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kirikasamma da Guri, sun nuna cewa kogin da hanyarsa ta toshe duk inda ya samu nan zai bi.

Abin takaicin shi ne an yi gargaɗi tun da wuri. A farkon shekarun 1990 waɗansu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka zauna suka auna abin da dausayin ke samarwa na noma da su da itacen wuta, suka kwatanta da abin da manyan ayyukan ban-ruwa na sama ke samarwa. Suka tarar cewa in da yawan ruwan da aka sha za a yi awo, amfanin da fadama ke bayarwa ya ninka na can sau da yawa, tun ma ba a sa kiwo da ruwan rijiyoyi cikin lissafin ba. Shawarar da masana ruwa suka yi ta bayarwa tun lokacin ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina ya yi ambaliya irin ta da, a kuma bar kogi ya sha iska da rani. Har yau wannan ce maganar.

Da gari ya waye wani masunci ya ɗauke mu a kwale-kwale don ya fitar da mu ta ruwa. Muna cikin tafiya sai jan-baki suka tashi daga kacalla, garke guda da ya rufe fitowar rana, ƙarar fikafikansu ta hana mu jin juna. A wata 'yar buɗaɗɗiyar kwana Baba ya ce a tsaya. Ya karɓi sandar tuƙi ya caka ta ƙasa, ta shige fiye da rabi. Ya nuna wani busasshen kututturen kanya da ya leƙo daga ruwa.

“Ka ga wancan? Iyakar gonar mahaifina ke nan. A gindinsa muke ajiye abinci in mun zo yankan shinkafa.”

Ya mayar wa mai jirgi sandarsa, ya ce mu tafi. Bai ƙara magana ba har muka sauka.

Ga wanda labarin nan ya ba shi sha'awar zuwa, ina ƙarfafa masa gwiwa, don wurin ya cancanci wahalarsa. Ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da tsuntsaye suka cika kuma ƙasa ta taku. Ya bi ta hannun ma'aikatan gandun daji da masu gari, ya tambayi halin tsaro kafin ya fito, ya ɗauki ruwan sha isasshe da takalmi mai kauri. Ya nemi jagoran da ya bi hanyar a bana, ba wanda ya san ta a da ba. Kada kuma ya shiga kacalla da ƙafa, komai gajartar da aka ce masa.

Ga masu iko kuwa, magana ɗaya ce. Ɗaga Baturiya zuwa gandun daji na ƙasa abu ne mai kyau, ma'aikata da sintiri za su rage saran itace da farauta. Amma mai gadi ba ya tare kacalla, kuma ran wannan daji ba a Kirikasamma yake ba, yana bakin ƙofofin Tiga da Calawa. Sai jihohin da suka sa hannu a Damaturu da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are sun zauna da manoma da masunta da makiyayan fadama, an tsara watan da za a saki ruwa da watan da za a riƙe shi, an kuma mayar da yashe hannuwan kogi aikin kowace shekara. In ba a yi haka ba, za a wayi gari da allo mai ɗauke da sunan gandun daji, bayansa kuwa babu komai sai kacalla.